Kada a Juya Motar

Sammani ya shiga aikin kwana-kwana ne da tunanin wuta zai riƙa kashewa. Da aka turo shi Safana ya shugabanci 'yan mutanen da ke ƙaramin ofishin can, sai ya tarar gobara abin rani ce, ita ma ba kullum ba. Rumbu ya kama ko ɗakin kara, kafin su isa maƙwabta sun ci ƙarfin wutar da bokitai. Abin da ke fitar da su a guje, hanya ce: a-kori-kura mai buhuna har sama da mutane a kan buhunan, da ƙananan motocin haya da ake cusa wa mutum biyu a kujerar gaba. Don haka aka tura shi horo, ya koyo yadda ake yanka mota a ciro mutum, ya dawo da almakashin ƙarfe mai aiki da famfon hannu, da jak, da zarto. Mutum ne marar yawan magana, mai faɗin kafaɗa, gemunsa ya fara furfura. Abokan aikinsa sukan ce ba a gane tashin hankalinsa a murya, sai dai a ga ya ƙara rage sauri.

Ran nan kasuwar Batsari ke ci. Damina ta yi nisa, gero ya fara fid da kai. An yi ruwa da asuba ya ɗauke, amma can yamma wajen Ruma hadari na nan a tsaye, baƙi ƙirin. Da hantsi wani mai babur ya bugo waya, numfashinsa sama-sama, ya ce wata ƙaramar motar haya ta taso daga Safana, tayar gaba ta fashe a daidai wata kwalbati kafin a kai Batsari, ta faɗa ƙorama. An ciro wasu, wasu suna ciki. Sammani ya ce wa Nu'uman, direbansu, ya tada mota. Ya kira asibiti ya ce a biyo su, suka kama hanya.

Tun daga nesa suka hango babura jere a bakin titi, mutane sun cika gaɓar ƙoramar. Sammani ya sauka ya leƙa. Motar na kwance a kan gefenta na dama cikin rairayi, jan ruwa na bi ta ƙarƙashinta, bai wuce idon sawu ba. Gabanta ya lotse inda ya daki ginshiƙin kwalbatin. An ɗaura mata igiya mai kauri, an ja ta zuwa gaɓa an haɗa da shanun huɗa, majiya ƙarfi kuma sun jera sun riƙe, suna jiran a ce a ja. Warin fetur ya cika wurin.

Bai tsaya neman wanda ya ɗaura igiyar ba. Ya tambayi ina mai unguwa, aka nuna masa wani dattijo mai sanda a tsaye kan kwalbatin.

"Ranka ya daɗe, a gafarce ni, gaisuwa sai mun gama. A ce su saki igiyar nan. Kada a juya motar."

"To in ba a tashe ta ba, ta ina za a hid da su?" in ji mai unguwa. "Ka dubi yamma, ga ruwa nan tahe."

"Na gani. Amma in ta juyo ta bugi ƙasa, wanda ƙarfe ya riƙe wa ƙafa a nan zai bar ƙafar. Wanda ya samu karaya a wuya ko a baya kuwa, mu za mu ƙarasa shi da hannunmu. A ba ni dama."

Mai unguwa ya dube shi, ya dubi motar, sannan ya ɗaga sanda. Aka saki igiya ana gunaguni. Wani ya ce ma'aikatan gwamnati ke nan, sai sun zo a makare su hana waɗanda suka riga su. Sammani ya ji, bai waiga ba. Ya roƙi mai unguwa a kashe duk wata sigari, a tura babura nesa ba tare da an tada su ba.

Mai unguwa ya ja shi gefe ya nuna masa gindin wata tsamiya, inda aka shimfiɗe wani aka rufe shi da mayafi. Ya ce Malam Mani ne, mutumin Yasore. Shi ke zaune a gaba, gilashi ya fashe ya cilla shi waje, kafin a taso shi rai ya yi halinsa. Sauran fasinjojin sun fito da raunuka, an kwashe su a babura. Mutum biyu suka rage: direban, Gambo, da wata dattijuwa, Hansai, matar mamacin. Daga sunan jikarsu suke a Safana.

Jama'a sun zaci Sammani zai faɗa cikin motar nan take. Sai suka ga ya zagaya ta, ya dafa ta da hannu ɗaya, ta yi rawa. Rairayin da ke ƙarƙashinta ruwa na ci a hankali. Ya sa aka kwance igiyar daga wuyan shanu aka ɗaure ta tam a jikin tsamiyar, don ta riƙe motar yadda take. Katakan tokara da suka zo da su ba su isa ba. Ya tambaya ko akwai gidaje kusa, aka ce ga su nan bayan gonar dawa.

"A aro mana turame. Duk wanda aka samu."

Ba a daɗe ba sai ga samari na gangaro da turame, wani ma da sauran dusa a ciki. Aka kwantar da su aka cusa ta ɓangaren tayoyi da ta ɓangaren rufi, aka danna duwatsu a tsakani, har Sammani ya sake dafa motar ta ƙi motsi. Nu'uman ya zura hannu ta inda murfin inji ya buɗe ya kwance wayar batir. Wani daga cikin ma'aikatan ya lalubo inda tankin ke yoyo ya toshe da sabulu da tsumma, wani ya warware mesa ya tsaya da ita a hannu ko da wuta za ta tashi. Sai a sannan Sammani ya gyara hular kwanonsa ya rarrafa ta gilashin baya da ya riga ya fashe.

Ciki akwai duhu da zafi, da warin fetur da na jini. Gambo na sama, a rataye, gefensa na jingine da rufi, sitiyari ya danne masa cinya, ƙafafunsa sun shige ƙarƙashin gaban motar da ya lotso. Yana ta ihu yana kiran sunan Allah, yana cewa a cire shi. Sammani ya ce masa ya ji, ya yi haƙuri. Wanda ke iya ihu yana da numfashi. Wadda ta yi shiru ita ta fi damunsa.

Hansai na kwance a ƙasa, a kan ƙofar baya, rabin jikinta cikin ruwan da ke shigowa ta taga. Kujerar gaba ta karye ta faɗo baya ta danne mata cinya. Idonta a buɗe. Ya durƙusa ya tallafi kanta da hannu biyu.

"Sannu, Inna. Kina ji na?"

"Ina ji."

"Sunana Sammani, ma'aikacin kwana-kwana ne. Za mu fitar da ke, amma kada ki juya wuya. In za ki amsa, ki amsa da baki. Ina ke miki ciwo?"

"Haƙarƙari. Ƙafar kam ban jin ta." Ta yi numfashi gajere. "Ɗan nan, ina Malam?"

Ya san za ta tambaya. A aikin nan bai taɓa yi wa wanda ke cikin ƙarfe ƙarya ba, bai kuma taɓa kai masa labarin mutuwa yana ciki ba.

"An fitar da shi, Inna. Yana sama, gindin tsamiya, mutane na tare da shi. Yanzu ke ce a gabana."

Ta dube shi na ɗan lokaci, ba ta ƙara tambaya ba. Ta ce a gyara mata mayafi, ya zame.

Motar asibiti ta iso da Ramlat, ma'aikaciyar lafiya da suka saba haɗuwa a irin wannan wuri. Mace ce 'yar siririya, ba ta jira a ce mata shigo. Ta tattare siket ta rarrafo, ta karɓi kan Hansai daga hannunsa, ta sa mata abin riƙe wuya, ta ja mayafin ta rufe ta. Ta taɓa hannunta ta ce bugun ba shi da ƙarfi, kada a ɗauki lokaci. Sammani ya fito ta baya.

Yana fitowa ya ji ƙarar janareta.

A kan gaɓa wani saurayi mai ƙirar ƙarfi, hannayensa duk tabon wuta, ya sauke janareta daga a-kori-kura ya tada, yana warware waya, injin yankan ƙarfe a ɗaya hannun. Sammani ya haura da gudu, abin da mutanensa ba su saba gani ba, ya kashe janaretan.

"Wa ya ce ka taɓa mini inji?" in ji saurayin. Idonsa ja. "Uwata ce a ciki! Ni mai walda ne, yankan ƙarfe sana'ata ce. Ku kun tsaya kuna jera turame!"

Wani ya raɗa wa Sammani cewa Tayyib ne, ɗan mamacin, shagonsa na Batsari. An buga masa waya ya taho, ya riga ya buɗe mayafin gindin tsamiya ya gani.

"Allah ya ji ƙan Malam," in ji Sammani. "Mai sana'a, shaƙi iskar nan. Me ka ji?"

Tayyib ya shaƙa. Hancinsa ya gaya masa.

"Ka fi ni sanin tartsatsin da injin nan ke yi. Ɗaya ya isa. Da ita, da direban, da ma'aikaciyar da ke riƙe da kanta, babu wanda za mu fitar. Almakashinmu ba ya tartsatsi, sai dai jinkiri. Ajiye wannan ka zo, ina bukatar wanda ya san ƙarfe."

Tayyib ya tsaya kamar zai yi gardama. Sai ya ajiye injin a ƙasa, ya share fuska da gefen riga, ya bi shi.

Kafin su fara, Sammani ya duba ruwan. Ya haura idon sawu, ya kama ƙwauri, ya fara zuwa da kara da kumfa. An yi ruwa a Ruma ke nan. Kwalbatin baki biyu gare ta, motar na gaban na dama. Ya ce wa mai unguwa in za a samu buhuna a cika da rairayi a tare daga sama, a karkata ruwan zuwa bakin hagu, za a saya musu lokaci. Wannan aiki ne da manoma suka fi shi sani. Masu riƙon igiya ɗazu suka watse neman buhunan taki da fartanya, waɗanda suka yi gunaguni su ne a gaba.

Dabarar ita ce a yanke ginshiƙan rufin motar na ɓangaren sama, a kwantar da rufin ƙasa kamar an buɗe murfin akwati, a samu ƙofa mai faɗi. Amma Gambo na jingine da rufin, in aka buɗe zai zubo da nauyinsa a kan ƙafafun da ke maƙale. Sai da Nu'uman ya hau saman motar a hankali, ya zura ɗamara ta ƙarƙashin hammatarsa ya ɗaure a jikin ƙofa. Aka rufe mutanen ciki da tamfol saboda gilashi. Sammani ya kafa bakin almakashi a ginshiƙin gaba, Tayyib ya kama famfo.

Aiki ne mai cin rai. A buga famfo, a buga, almakashi na matsewa kaɗan-kaɗan, ƙarfe na kuka, sannan ya tsinke da ƙara. Duk tsinkewa sai Gambo ya yi ihu, Ramlat ta ce daga ciki, "Ba komai, ƙarfe ne, ba kai ba ne." A ginshiƙin tsakiya bakin almakashin ya riƙa zamewa. Tayyib ya shafa wurin da yatsa ya ce a sauko ƙasa kaɗan, nan ƙarfe biyu ne aka haɗa. Sammani ya sauko, ya kama. Da suka yanke na baya, suka tsaga gindin rufin da zarto, mutane suka kama suka kwantar da shi a kan rairayi. Haske ya shiga motar. Jama'ar da ke gaɓa suka ɗauki salati.

Hansai ta ga ɗanta.

"Tayyib, kai ne?"

"Ni ne, Inna."

"Ka ga babanka?"

Tayyib ya dubi Sammani. Sammani ya ci gaba da duba kujerar.

"Na gan shi," in ji Tayyib. "Bari mu fid da ke."

Kujerar da ta danne ta ba ta ɗaguwa, ƙafafunta na ƙarfe sun murɗe. Tayyib ya kwanta ruf da ciki cikin ruwa, ya lalubo kusoshin da hannu. Biyu suka kwantu da sifana, sauran sai da ya bi su da zarto, fuskarsa dab da ƙafar uwarsa. Ramlat ta sa wa Hansai ƙarin ruwa, ta miƙa wa wani ma'aikaci ledar ya ɗaga. Da kujerar ta saki, Sammani ya hana a fizge ta. Suka ɗaga ta a hankali suka fitar. Cinyar ta karye, amma ƙashi bai huda fata ba. Ramlat ta ɗaure ta da katako, aka zura allo ta ƙarƙashin bayan Hansai, Sammani na ba da umarni, kai da kafaɗa da ƙugu suka tafi tare kamar itace guda.

Suna haurawa da ita gaɓa, ta ce su tsaya.

"Ku bi da ni ta gindin tsamiya."

Ramlat ta ce lokaci na tafiya. Sammani ya duba, tsamiyar na kan hanyar motar asibiti, ratsen bai taka kara ya karya ba. Ya ce a bi. Mutane suka dare. Aka sauke allon kusa da mamacin. Ba ta iya juya wuya, sai ta miƙa hannu ta lalubo gefen mayafin ta riƙe.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Malam, ka riga ni. Allah shi gafarta maka, ni kam na yafe maka duniya da lahira." Hawaye ya bi ta gefen idonta ya shiga kunne. Ta saki mayafin. "To, mu tahi."

Aka sa ta a mota. Ramlat ta ce wa direban asibitin ya kai ta Batsari ya dawo, ita za ta tsaya saboda Gambo. Tayyib ya sa ƙafa zai hau, Sammani ya dafa shi.

"Mai sana'a, da saura."

"Wane saura?"

"Direban. Ƙafarsa ta dama na ƙarƙashin birki, ƙarfen ya lanƙwashe a kanta. Almakashi ba ya shiga wurin, hannuna ma ba ya shiga da zarto. Na ga yadda ka yi da kujera."

Tayyib ya janye kafaɗarsa. "Mutumin da ya kashe mini uba? Ga gawa can ba a yi mata sutura ba, ga uwata a karye, ka ce in koma in kwanta cikin ruwa saboda shi?"

"Abin da ya jawo haɗarin, akwai masu bincike, za su yi aikinsu. Ni abin da na sani, ruwa na zuwa, kuma akwai mutum a ciki. In ka ƙi ba zan ga laifinka ba, zan gwada da kaina."

Daga cikin motar asibitin muryar Hansai ta fito, ƙasa-ƙasa.

"Tayyib, koma. Tun ɗazu yana kuka bisa kaina yana kiran uwarsa."

Aka rufe ƙofa, mota ta tashi. Tayyib ya tsaya har ta sha kwana, sannan ya sunkuya ya ɗauki zarto.

Ruwan ya kai gwiwa. Tarin buhunan da manoma suka yi yana riƙe, amma ana ganin ruwa na lasar samansa, suna ta ƙarawa. Gambo ya daina ihu, abin da bai yi wa Sammani daɗi ba. Leɓensa ya bushe, idonsa na lumshewa. Da ya ga Tayyib ya gane shi.

"Wallahi taya ce," ya ce. "Na riƙe ta, ta ƙwace. Malam fa?"

"Rufe bakinka ka bar ni in yi aiki," in ji Tayyib.

Ramlat ta leƙa ƙasan sitiyari ta ce ƙwaurin hagu ya fashe, ƙarfen da ya danne shi ne ke tare jinin. In aka ɗaga ba a shirya ba, zai zubar da abin da ya rage masa. Ta ɗaure cinyar da ɗamara ta murɗa tam, ta sa masa ƙarin ruwa, sannan ta ce bismilla. Sammani ya yanka gindin ginshiƙin ƙofa don gaban motar ya samu inda zai buɗe, ya kafa jak tsakanin ƙasan motar da ƙarfen da ke riƙe da sitiyari, ya sa katako a gindinsa don kada ya zame. Nu'uman na bugawa, shi yana kallo. In gaban ya ɗaga kamar faɗin yatsa sai ya ce a tsaya, ya cusa katako a gibin, sannan a ci gaba. Ko jak ya kuɓuce, ƙarfen ba zai koma kan mutum ba.

Sitiyari ya rabu da cinya. Ƙafar hagu ta fito. Ta dama na nan ƙarƙashin birki.

Tayyib ya cire ruwan zarton daga mariƙinsa, ya naɗe gefe ɗaya da tsumma, ya shige da kai da kafaɗa ɗaya cikin ramin. Wurin bai ba shi damar jan hannu sosai ba, sai ɗan gajeren ja. Sammani ya zura hular kwanonsa tsakanin zarton da idon sawun Gambo, ya riƙe. Ana jin zarto na cin ƙarfe, ana jin ruwa.

Sai aka yi ihu daga sama. Buhunan sun ɓalle.

Ruwan ya iso gaba ɗaya, ya bugi Sammani a ƙugu, ya cika ƙasan motar inda Hansai ke kwance ɗazu. Motar ta yi ƙara ta motsa. Igiyar tsamiya ta miƙe har tana ɗigar ruwa, turmi ɗaya ya suɓuce ya bi ƙorama, sauran suka riƙe. Mutanen gaɓa na ihu a fito. Sammani ya ce wa Ramlat ta haura, ta miƙa wa Nu'uman ledar ruwan ta kama igiya ta fita. Ya dubi Tayyib, ruwa ya kai masa haɓa.

"Saura nawa?"

"Kaɗan."

"In na ce fito, ka fito."

Tayyib ya ƙara danna zarto. Ya ja, ya ja, sannan ya jefar da zarton ya kama birkin da hannu biyu ya murɗa. Ƙarfen ya karye. Sammani ya zare ƙafar, takalmin ya tsaya a can. Nu'uman ya sassauta ɗamarar daga sama, suka karɓi Gambo a kan allo, suka ɗaure shi. Manoma suka shigo ruwan suka yi layi, hannu da hannu, riƙe da igiya, aka miƙa allon daga wannan zuwa wancan har gaɓa. Sammani ne ya fito a ƙarshe, bayan ya turo Tayyib gabansa. Jak ɗin na can cikin motar, bai koma ɗauka ba.

Motar asibiti ta dawo ta ɗauki Gambo da Ramlat. Mutanen Yasore suka sa gawar Malam Mani a a-kori-kurar da ta kawo janareta. Tayyib ya hau baya ya zauna kusa da ita, jiƙe sharkaf, yatsunsa na jini. Sammani ya je ya yi masa ta'aziyya yadda ya kamata, ya ce ya wanke hannun nan da ruwan gishiri kafin ya shiga hidima. Tayyib ya gyaɗa kai. Sannan Sammani ya koma wurin mai unguwa suka gaisa a tsanake, ya tambayi iyali da damina, ya yi godiya, ya ce a ba matan da suka ba da turame haƙuri, sai ruwa ya janye.

A hanyar komawa suka tsaya a wani masallacin bakin titi suka yi azahar, lokaci ya ɗan shige. Da suka fito, Nu'uman ya sa makulli ya kasa murɗawa, hannunsa na karkarwa. Ya yi dariyar kunya ya ce bai san me ya same shi ba, Oga. Sammani ya ce ba komai, yakan faru bayan an gama, ya matsa. Sammani ne ya tuƙa su har Safana.

Sauran labarin a bakin Ramlat ya ji shi, a hankali, duk lokacin da aiki ya haɗa su. An wuce da Hansai Katsina aka yi mata aiki a cinya, ta yi takabarta a kwance, kafin a gama girbin dawa ta fara takawa da sanda. Gambo an ceto ƙafafunsa biyu, amma ta dama ba ta ƙara lanƙwasuwa yadda zai taka birki ba, ya bar tuƙi ya koma lodin fasinja a tasha. Da ya samu sauƙi ya sa aka kai shi Yasore a babur, da sandunansa, ya yi gaisuwar da bai samu yi ba. Tayyib ne ya fito ya shimfiɗa masa tabarma a zaure, ya kawo masa ruwa. Ramlat ta ce an ce ba su yi wata doguwar magana ba, sun yi addu'a, Gambo ya yi kuka, aka taimaka masa ya hau babur ya koma.